Me ya sa maigidana Ba'indiye ba ya sa hannu a takarda da hantsin Litinin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akawu ne a wata masana'antar robobi a Kano, maigidana Ba'indiye ne, mabiyin addinin Hindu. Wata Litinin aka kawo takardun sabuwar yarjejeniya wajen ƙarfe takwas da rabi na safe. Ya duba wayarsa, ya ce a ba baƙin shayi, sai tara da rabi ta gota zai sa hannu. Da na tambaye shi dalili sai ya ce "Rahu kal" ne, ya nuna mini wani shafi cike da lambobi da lokuta, har da lokacin fitowar rana. Wace irin kalanda ce wannan? Yaya suke gane lokaci mai kyau da maras kyau? Akwai ilimi a ciki, ko duba ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Shafin da maigidanka ya nuna maka sunansa pancang, a rubutunsu na boko za ka gan shi Panchang, mutanen kudancin Indiya kuma su ce Panchangam. Na san shi tun kafin ya shiga waya. Lokacin da nake karatun lissafi a birnin Pune, dattijuwar da na yi haya a gidanta tana da kalandar Kalnirnay rataye a bangon madafi, kusa da gwangwanin shayi. Kusurwar takardar ta yi baƙi da maiƙo saboda yawan ɗagawa. Kullum da safe kafin ta ɗora tukunya sai ta sa tabarau, ta bi akwatin ranar da yatsa. Daga nan take sanin ko yau ranar azuminta ce, ko za a sayi sabon abu yau ko a bari sai gobe, da ƙarfe nawa jikanta zai fita zuwa neman aiki. A Mumbai aka fara buga wannan kalanda a 1973, kuma ta zama kamar kayan gida a wajen masu jin harshen Marathi.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. Abu biyu aka cuɗa wuri ɗaya a cikin pancang. Akwai lissafin falaki na gaske, wato ina rana take, ina wata yake, yaushe za su kai wuri kaza. Wannan ana iya auna shi, kuma a pancang na zamani yakan fito daidai har minti. Sannan akwai hukuncin da aka ɗora a kan lissafin, cewa wannan lokaci na sa'a ne, wancan na nahisa ne. Wannan kashi aƙida ce da al'ada, ma'auni ba ya kama shi. Wanda ya kasa raba su biyun, ko dai ya raina ilimin da ke ciki, ko ya haɗiye camfin tare da ilimin.

Ma'anar sunan "gaɓoɓi biyar": tithi, vara, nakshatra, yoga da karana. Mafi muhimmanci ita ce tithi, kuma idan ka gane ta ka gane kalandar gaba ɗaya.

Mu mun saba da kalandar da ke ƙirga kwanaki. Ko ta miladiyya ko ta hijira, rana ta fito ta faɗi, an ci kwana ɗaya. Pancang ba kwana yake ƙirgawa ba, tazara yake aunawa. Ɗauki falaki a matsayin da'ira mai daraja 360. Lokacin da wata ya yi daidai da rana, a tsakiyar duhun wata, tazarar da ke tsakaninsu sifili ce. Daga nan wata zai fara tsere wa rana, don ya fi ta sauri. Duk sanda ya ƙara mata rata da daraja 12, tithi ɗaya ta cika. Daraja 12 sau 30 shi ne 360, saboda haka kowane wata yana da tithi 30 cif, babu 29 babu 31. Goma sha biyar na farko su ne rabin haske, shukla paksha, suna ƙarewa da cikar wata da suke kira Purnima. Goma sha biyar na biyu rabin duhu ne, krishna paksha, suna ƙarewa da duhun wata da suke kira Amavasya. Ka lura, ba sa jiran ganin jinjirin wata kamar mu. Lissafin haɗuwar rana da wata suke bi, ko da ido bai ga komai ba.

Inda abin ya yi daɗi a wajen mai lissafi shi ne, wata ba ya tafiya da sauri ɗaya. Hanyarsa ba da'ira ce cikakkiya ba, wani lokaci yana matsowa kusa da duniya ya yi sauri, wani lokaci ya yi nisa ya rage. Yakan ci daraja kusan 12 a rana idan ya yi nawa, ya haura 15 idan ya yi sauri. Shi ya sa tithi ba ta da tsawo ɗaya, takan kama daga wajen awa 19 zuwa awa 26, matsakaicinta awa 23 da minti 37. Kuma tana iya shiga a kowane lokaci, da hantsi ko da la'asar ko da tsakar dare. Lambobin da ka gani a wayar maigidanka, yawancinsu lokutan ƙarewa ne: tithi kaza har zuwa ƙarfe kaza, daga nan mai bi mata ta karɓa.

To yaya za a sa wa yini suna, alhali tithi biyu na iya raba shi? Ƙa'idar gama-gari ita ce, tithin da fitowar rana ta tarar ita ke da yinin. Domin a wajensu kwana daga fitowar rana yake farawa zuwa wata fitowar, ba daga tsakar dare ba, ba kuma daga magariba kamar namu ba. Wannan ƙa'ida tana haifar da abu biyu masu ba baƙo mamaki. Gajeriyar tithi tana iya shiga bayan rana ta fito, ta ƙare kafin ta sake fitowa. Ba ta ga fitowar rana ko ɗaya ba, sai ta ɓace daga kalanda, ka ga an tashi daga ta huɗu an faɗa ta shida. Doguwa kuwa tana iya tarar fitowar rana sau biyu, sai ka ga ta bakwai yau, ta bakwai gobe. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Da haka ake cusa tithi 360 cikin shekarar wata mai kwana 354.

Bukukuwa kuma kowanne da sharaɗinsa. Wani yana son tithinsa ta kasance da tsakar rana, wani da tsakar dare, wani da almuru. Dubi abin da ya faru da Diwali, bikinsu na fitilu, a 2024. Amavasya ta shiga ƙarfe 3:52 na yamma agogon Indiya ranar 31 ga Oktoba, ta fita 6:16 na yamma ranar 1 ga Nuwamba. Ibadar wannan biki da almuru ake yin ta, bayan faɗuwar rana. Masu cewa 31 ga wata suka kafa hujja da cewa a ranar ce tithin ta rufe almuru da dare baki ɗaya. Masu cewa 1 ga wata suka ce ai a ranar ce fitowar rana ta tarar da ita, kuma ta ɗan taɓa bayan faɗuwar rana. Malamansu suka rabu, gari ya yi biki yau, maƙwabcinsa gobe. Mu da muka san gardamar ganin watan Sallah ba za mu yi mamakin wannan ba. Abin lura shi ne, ba su saɓa a kan inda wata yake ba, a kan hukunci suka saɓa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa pancang ɗin Delhi ba ya aiki a Kano. Tithi tana ƙarewa a lokaci guda a duk duniya, amma rana ba ta fitowa lokaci guda. Tsakanin agogon Indiya da namu akwai awa huɗu da rabi. Tithin da ta ƙare ƙarfe tara na safe a can, ta riga ta ga fitowar rana, yinin nata ne. A nan kuwa ƙarfe huɗu da rabi na asuba ta ƙare, rana ba ta fito ba, yinin na mai bi mata ne. Shi ya sa manhajar wayar maigidanka take tambayar garin da yake kafin ta nuna masa komai.

Gaɓa ta biyu da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce nakshatra, kuma wannan ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ita ce manzilin wata. Wata yana kewaye taurari cikin kwana 27 da sulusi, sai suka raba falaki gida 27, kowanne daraja 13 da sulusi, kamar zangon da wata ke sauka kowane dare. Larabawa sun raba shi 28, kuma daga gare su malaman hisabinmu suka karɓa. Taurarin kusan ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Ashwini, manzilinsu na farko, shi ne Sharaɗaini. Krittika ita ce Surayya, wadda Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta. Rohini shi ne Dabaran, jan tauraron nan da ke bin bayan kazar. Citra shi ne Simaku. Su ma suna da na 28, Abhijit, amma ba a cika sa shi cikin lissafin yau da kullum ba. Har amfanin da manomi ke yi da su ya yi kama. Kamar yadda tsofaffinmu ke ƙirga damina da taurari, kowanne kwana 13, haka manomin jihar Maharashtra ke jiran rana ta shiga manzilin Mrigashira wajen 7 ko 8 ga Yuni, ya ce damina ta kama. Wannan kamanni ba haka kawai ya faru ba. Tun zamanin halifa Mansur, a ƙarni na 8, aka fassara littafin falakin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, kuma wajen shekarar 1030 Albiruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit, ya yi bayanin tithi da karana da yoga dalla-dalla a littafinsa kan Indiya.

A wajen mabiyin Hindu, manzilin da wata yake ciki lokacin da aka haife shi abu ne da yake riƙewa har mutuwa. An raba kowane manzili kashi huɗu, jimla 108, kowane kashi da harafinsa, kuma a gidaje da yawa da wannan harafi ake fara sunan jariri. Suna ganin wasu manzilai na kafa abu mai dorewa ne, kamar Rohini, wasu na tafiya, wasu na ciniki. Pushya ya fi kowanne farin jini wajen saye, musamman idan ya faɗo ranar Alhamis, sai ka ga shagunan zinare sun cika.

Sauran ukun ba sa buƙatar dogon bayani. Vara ita ce ranar mako, kowace da tauraronta: Lahadi ta rana, Litinin ta wata, Talata ta Mirrihu, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zuhura, Asabar ta Zuhalu. Karana rabin tithi ce, daraja 6, guda 60 a wata amma sunayensu 11 ne, bakwai suna maimaituwa sau takwas, huɗu kuma sau ɗaya suke zuwa, a kewayen duhun wata. Wadda ake gudu a cikinsu ita ce Vishti, da aka fi sani da Bhadra. A 2023 ta rufe yinin bikin da 'yan mata ke ɗaura wa 'yan'uwansu maza zare a hannu, 30 ga Agusta, har wajen tara na dare, sai da yawa suka jira dare ko wayewar gari. Yoga kuwa, ba motsa jikin nan da ka sani ba, ana haɗa darajar rana da ta wata ne a raba da 13 da sulusi, a sami ɗaya daga 27. Ita ce mafi nisa daga abin da ido ke gani, domin jimlar wurare biyu ba ta nuna komai a sama.

Ga misali ka gwada da kanka. A ce rana tana daraja 40, wata yana 150. Tazararsu 110, raba da 12 ka sami tara da ɗoriya, ke nan ana cikin tithi ta goma ta rabin haske. Raba 110 da 6, sha takwas da ɗoriya, karana ta 19, Taitila. Raba 150 da 13 da sulusi, sha ɗaya da ɗoriya, manzili na 12, Uttara Phalguni. Haɗa 40 da 150 ka sami 190, raba, sha huɗu da ɗoriya, yoga ta 15, Vajra. Lamba biyu kacal suka haifi gaɓoɓi huɗu. Duk wahalar mai haɗa pancang tana wajen samo waɗannan lambobi biyu daidai.

Yanzu ga Rahu ɗin da ya tsayar da baƙinku. Hanyar da wata ke bi a sama ta ɗan karkace daga ta rana da kusan daraja 5, saboda haka suna gittawa a wurare biyu. Ba taurari ba ne, mahaɗar hanya ce kawai, amma husufi ba ya faruwa sai rana da wata sun zo kusa da ɗayansu. Indiyawa suka kira su Rahu da Ketu. A tatsuniyarsu wani dodo ne ya saci ruwan rashin mutuwa ya kurɓa, rana da wata suka tona shi, aka sare masa kai. Kan shi ne Rahu, gangar jikin Ketu, kuma yana haɗiye su ne don ramuwa. Larabawa ma kai da wutsiyar dodo suka kira wuraren, mu kuma a da sai a ce rana ta kama wata, a fito da ganguna. Lissafin waɗannan mahaɗu ilimi ne na gaske. Suna ja da baya, suna kewaye falaki cikin shekara 18 da wata bakwai, kuma da su ake sanin ranar husufi tun shekaru kafin ya zo.

Sai dai Rahu kal ba shi da alaƙa da inda Rahu yake a sama. Rabo ne kawai. Ana ɗaukar yini daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a raba takwas, a ba Rahu kashi ɗaya gwargwadon ranar mako. Litinin kashi na biyu, Asabar na uku, Juma'a na huɗu, Laraba na biyar, Alhamis na shida, Talata na bakwai, Lahadi na takwas. Kashi na farko ba ya taɓa zama nasa. A ce a Kano da hunturu rana ta fito 6:40 ta faɗi 6:10. Tsawon yinin minti 690 ne, raba takwas ka sami minti 86 da 'yan daƙiƙu. Kashi na biyu zai fara wajen 8:06 ya ƙare wajen 9:32. Ka ga inda tara da rabin maigidanka ta fito. Akwai wasu kasussuka biyu da ake rabawa haka, Yamaganda da Gulika, amma Rahu kal aka fi tsoro, musamman a kudancin Indiya. Idan maigidanka mutumin Gujarat ne, wataƙila yana duba cogadiya ma. Ita ma rabon takwas ce, da rana da dare, kowane kashi da sunansa, wannan riba, wannan alheri, wannan cuta, wannan damuwa.

Kalmar da za ka fi ji a bakinsu ita ce muhurat. Asalinta ma'aunin lokaci ce. Suna raba kwana kashi 30, kowanne minti 48, shi ne muhurta, wanda yake daidai da gati biyu, kowace minti 24. Daga baya kalmar ta ɗauki ma'anar lokacin da ya dace a fara abu. Hausa ta yi irin wannan tafiya da kalmar sa'a, wadda take nufin awa kuma take nufin dace, har ana cewa an je neman sa'a. Muhurta biyu sun fi shahara. Abhijit shi ne na takwas cikin 15 na yini, yana kewaye zawali, minti kusan 24 kafin rana ta take tsaka da 24 bayanta. Suna ganin yana da kyau kowace rana ban da Laraba, shi ya sa wanda bai sami malami ba yakan fake da shi. Brahma muhurta kuma yana farawa awa ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana, lokacin tashi ibada da karatu, kusan daidai da asubarmu.

Idan abin babba ne, kamar aure ko shiga sabon gida, ba a tsayawa a shafin yini. Ana zuwa wajen pandit, wato malaminsu, shi kuma aikinsa tankaɗe ne. Zai fara zubar da watanni. A arewacin Indiya wata huɗun damina, Caturmas, ba a ɗaura aure, daga tithi ta 11 ta rabin hasken watan Ashadha zuwa irinta a watan Kartik, domin sun yi imani ubangijinsu Vishnu yana barci. Zai zubar da lokacin da rana ke burujin Ƙausu (buruji kashi ɗaya ne cikin 12 na hanyar rana a falaki), tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, da burujin Hutu, wato Kifi, tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu. Zai zubar da makonnin da Mushtari ko Zuhura suka matsa kusa da rana har haskenta ya ɓoye su. Zai zubar da mako biyun tunawa da magabata. Daga abin da ya rage zai cire tithin da ba a so, kamar ta huɗu da ta tara da ta sha huɗu da suke kira wofi, ya cire Bhadra da miyagun yoga, ya duba manzilin ango da na amarya, sannan ya zaɓi burujin da ke hudowa a gabas a sa'ar ɗaurin auren. Abin da ke saura a rariya kwanaki ne ƙalilan a shekara. Shi ya sa a waɗannan ranaku birni ke cushewa da ayarin angwaye, kuɗin ɗakin taro da na masu girki ya yi tashin gwauron zabo. Talaka ne ke ɗaukar nauyin wannan, kuma na ga gidan da ya ci bashi saboda ranar da malami ya zaɓa. Ba a ƙauye abin ya tsaya ba. Kasuwar hannun jari ta Mumbai tana buɗewa awa ɗaya ranar Diwali don cinikin muhurat, al'adar da ta faro tun 1957, kuma a 2024 ranar 1 ga Nuwamba ta yi nata, daga shida zuwa bakwai na yamma.

Akwai wata hikima a tsarin watanninsu da ya kamata ka sani. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana kusan 11, shi ya sa azuminmu ke zagaya damina da rani. Nasu bukukuwa ba sa zagayawa, Diwali kullum tsakanin Oktoba da Nuwamba yake. Dabarar ita ce, kowane wata yana samun suna daga burujin da rana ta shiga a cikinsa. Idan aka sami watan da rana ba ta sauya buruji ba daga farkonsa har ƙarshe, sai ya zama ƙari, adik mas, ya ɗauki sunan mai bi masa. Hakan na faruwa kusan duk wata 32 da rabi, kamar a 2023 da aka yi watan Shravan sau biyu. Ba wani sarki ko kwamiti ke yanke shi ba, lissafi ne ke fitar da shi. Mu a kalandar ibada ba mu da watan ƙari, an tsayar da watanni 12, kuma aya ta 37 ta Suratut Tauba ta hana jinkirta watanni da Larabawan jahiliyya ke yi.

Kada ka ɗauka pancang ɗaya ne a duk Indiya. A arewa wata yana ƙarewa da cikar wata, a Maharashtra da Gujarat da yawancin kudu da duhun wata yake ƙarewa. Tamil Nadu da Kerala da Bengal watannin rana suke ƙirgawa. Wasu na lissafin shekara da Vikram, wadda ta girmi miladiyya da shekara 57, wasu da Shaka, wadda miladiyya ta girma da 78. Lokacin da gwamnati ta kafa kwamitin gyaran kalanda a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, kalanda kusan 30 suka tarar ana aiki da su. Kwamitin ya miƙa rahoto a 1955, aka ƙaddamar da kalandar ƙasa ranar 22 ga Maris 1957, kuma wata cibiyar falaki ta gwamnati a Kolkata tana buga pancang na ƙasa duk shekara. Duk da haka a Tamil Nadu har yau akwai masu bin vakya, tsofaffin ƙa'idojin da aka haddace tun ƙarnoni, da masu bin drik, lissafin da ya dace da abin da madubin hangen nesa ke gani. Sukan saɓa da awanni a ƙarshen tithi ɗaya.

Babbar matsalar da kwamitin ya fuskanta ita ce daga ina falaki ya fara. Indiyawa da taurari suke auna buruji, Turawa kuma da wurin da rana take ranar da dare da yini suka daidaita a Maris. Wannan wuri yana zamewa baya da daraja ɗaya duk shekara 72. Wajen shekarar 285 ma'aunan biyu sun yi daidai, yau tazararsu ta kai daraja 24. Gyaran da aka fi bi yana ɗauke da sunan Lahiri, ɗaya daga 'yan kwamitin. Sakamakon wannan zamiya a fili yake: bikin Makar Sankranti, da ake danganta shi da juyowar rana zuwa arewa, ana yin sa 14 ko 15 ga Janairu, alhali rana ta riga ta juyo tun 21 ko 22 ga Disamba.

Game da hukuncin sa'a da nahisa, ra'ayina a fili yake: ban ga hujjar da ta tsayar da shi ba. Kashi na biyu na safiyar Litinin ba shi da wata siffa a sama da ta raba shi da na uku. Indiyawa da kansu sun gwada wani ɓangare na wannan ilimi. A 2008 a Pune, masanin falaki Jayant Narlikar da abokan aikinsa suka tara bayanan haihuwar yara 200, rabi haziƙan ɗalibai, rabi masu tawayar ƙwaƙwalwa. Aka ba kowane mai duba 40 ya rarrabe. Mutum 27 suka dawo da amsa, kuma matsakaicin abin da suka ci bai kai rabi ba, wato bai fi canki-canka ba. Wannan gwajin duban haihuwa ne, ba na zaɓen sa'a ba, amma tushensu ɗaya. Abin ya fi damuna idan ya shiga asibiti, inda wasu iyalai ke matsa wa likita ya yi wa mai ciki tiyata a mintin da malami ya zaɓa.

A matsayinka na Musulmi kuma malamanmu sun daɗe da yin wannan rabo. Sanin tafiyar rana da wata don lokaci da alƙibla da noma halal ne, aya ta 5 ta Suratu Yunus ta ce an ƙaddara wa wata manzilai domin mu san ƙidayar shekaru da lissafi. Jingina alheri ko sharri ga tauraro shi ne abin da aka hana, kamar yadda ya zo a hadisin Hudaibiyya game da mai cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Kuma kafin mu nuna Ba'indiye da yatsa, mu tuna muna da masu gudun Larabgana da masu zuwa a buga musu ƙasa kafin a sa ranar biki.

A wajen aiki abin da sauƙi. Rahu kal farawa yake hanawa, ba ci gaba ba. Injinan da ke aiki ba za a kashe su ba, albashi ba zai tsaya ba, tafiyar da aka riga aka kama ba za a koma ba. Sabon abu ne ake jinkirtawa: sa hannu, buɗe shago, kunna sabon inji karon farko, fita doguwar tafiya. Tunda kai ke shirya masa ganawa, riƙe lokutan a kimance, ka ƙara musu kusan rabin awa, ko ƙasa ko sama gwargwadon lokacin shekara, domin agogonmu ya ɗan riga ranar Kano. Litinin 7:30 zuwa 9, Talata 3 zuwa 4:30, Laraba 12 zuwa 1:30, Alhamis 1:30 zuwa 3, Juma'a 10:30 zuwa 12, Asabar 9 zuwa 10:30, Lahadi 4:30 zuwa 6. Ba sai ka yarda da abin ba kafin ka kauce wa tsayar da baƙi awa guda a kan kujera. Idan takardun na Litinin ne, ka ce su zo ƙarfe goma.